Sawu na Uku

Ranar Talata da hantsi aka tsinci gawar Malam Mu'azzam a bukkar gonarsa, a wani ƙauye da ke arewa da Ɗanzomo. Lokacin yankan riɗi ne, kowa na gona, don haka kafin ka ce me gefen bukkar ya cika, kowa da lauje a hannu, kowa da nasa ra'ayin a baki. Mamacin na kwance rigingine, leɓɓansa sun bushe har sun tsage, ga ƙwaryar fura a gefensa an sha rabi. Ba rauni, ba jini. Amma mutanen ƙauyen ba za su yarda mutum mai shekara hamsin, wanda riɗinsa ya yi kyau bana, ya mutu haka kawai ba. Dole akwai hannun wani.

Ba a sha wuya ba wajen samo wanin. Adda ce, Bafulatanar da ke kawo fura da nono daga rugar bayan tafki. Mata biyu suka rantse cewa kwana uku a jere suna ganinta tana kwance wani ƙulli, tana zuba farin gari a furar Malam. Aka ga sawunta a bakin bukkar, wani mai hankali ya kifa ƙwarya a kai kamar yadda aka saba, don kada iska ko ƙafar jama'a ta ɓata shi kafin mai bin sawu ya iso.

Mai bin sawun shi ne Baba Ɗantsoho. Shekara arba'in yana bin ɓarayin shanu, daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa, wani lokaci har cikin Nijar. Bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma in ya durƙusa a kan rairayi zai gaya maka nauyin mutum, da ko sauri yake, da ko takalmin nasa ne ko na aro. Samarin ƙauyen ma in za su zance a ɓoye sai sun ja reshe a bayansu, duk da haka washegari sai ya tambaye su lafiyar surukai.

Ya ɗaga ƙwaryar ya duba. Sawun Adda ne, ta zo jiya da la'asar da kaya a ka, ta koma ba gudu ba sauri. Ya zagaya bayan bukkar shi kaɗai, a nan ya ga wani sawu daban. Ɗan ƙaramin takalmin roba ne, ƙafar hagu ta karkata ciki, dunduniyar tana ɗan jan ƙasa. Haka marigayiya Hannatu, matarsa, take tafiya har ta bar duniya, haka kuma 'yarsu tilo Haulatu take tafiya, wadda ke aiki a ɗan ɗakin shan magani na ƙauyen. Bai yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarsa. Ya ɗora ƙafarsa a kan sawun ya murza, ya bi sauran ya tattake su.

Dagaci ya tambaye shi, “Sawu nawa ka gani, Baba?”

“Biyu, ranka ya daɗe. Na mamaci da na mai nono.”

Ɗalha, ƙanen mamacin, ya ce to me ake jira, a je a cinna wa rugar wuta. Samari suka goyi bayansa. Dagaci ya daka musu tsawa, ya ce a tafi a yi wa mamaci sutura, Adda kuma za ta zauna a gidansa. Sannan ya ja Ɗantsoho gefe ya ce, “Na ba ka daga yau zuwa Juma'a in an sauko daga masallaci. In ba ka kawo mini wata magana ba, zan miƙa ta ga hukuma. Kuma ka sani, ba ni da igiyar da zan ɗaure samarin nan.”

*

Adda na zaune a ɗakin ajiye hatsi na gidan dagaci, gaban rigarta ya jiƙe da nono. Jaririyarta 'yar wata huɗu tana ruga, an hana a kawo ta.

Ɗantsoho ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, “Me kike zuba masa a fura?”

“Sukari ne, Baffa. Wallahi sukari ne. Shi yake sayowa ya ba ni, ya ce, Adda ki cika shi, kada ki yi mini rowa, magani ne.” Ta kwance bakin zanenta ta miƙo masa ragowar ƙullin. Ya dangwala ya lasa. Sukari ne, irin na mai shayi.

“Shekara shida ina kai masa fura ba ya yarda ko ƙwara ɗaya ta shiga, ya ce yana da ciwon suga. Sai satin nan ya canza. Baffa, ka sa a kawo mini yarinyata, ba ta karɓar nonon saniya.”

Akwai tambaya ɗaya da ta rage, wato wa ya ce wa mai ciwon suga sukari magani ne. Ko ɗan koyo zai yi ta. Ɗantsoho ya tashi ya kakkaɓe rigarsa bai yi ba, don yana tsoron amsar.

Amsar ta same shi a gida. Haulatu ta kawo masa tuwo bayan magariba, idanunta sun yi ja. Ta zauna ta ce, “Baba, jiya fa na je na duba Malam Mu'azzam a gona. Sugansa ne ya faɗi ƙasa. Satin da ya wuce ya je Nijar gaisuwar mutuwa, jiri ya ɗebe shi, aka auna shi a can, ya kawo mini takardar na karanta. Uku da ɗigo huɗu. Duk abin da ya gaza huɗu haɗari ne. Na ce ya ajiye ƙwayar da yake sha, ya riƙa shan zaƙi har ya farfaɗo. Na yi iya yina, Baba, kwana ne ya ƙare.”

Ya ji sanyi a ransa. Ashe taimako ya kai ta. Duk da haka ya ce, “Kada ki gaya wa kowa kin je bukkar nan.”

Ta dube shi da mamaki, don ba ta taɓa jin ya ce a ɓoye wani abu ba.

*

Ranar Laraba Ɗantsoho ya koma kan Ɗalha, kuma gaskiyar magana da fatan shi ne mai laifin ya koma. Kowa ya san shi da yayansa sun shekara biyu ba sa ga maciji a kan iyakar gona, kuma mai yawan ihu a wajen gawa yakan sa a dube shi sau biyu. Sawun Ɗalha ba shi da wuyar ganewa, faffaɗa ne, kamar an buga faranti a ƙasa. Ɗantsoho ya same shi a gefen gonar, ya bi shi da ɗoki. Sawun ya tsaya daidai jerin gambar da ke raba gonakin biyu. A nan aka tumɓuke tushe uku aka matsar da su taku biyar cikin gonar mamaci, aka koma gida. Bai kusanci bukkar ba ko da taku ɗari.

Da ya tare shi da maganar, Ɗalha ya sunkuyar da kai ya ce, “Gamba na matsar, Baba, ban musa ba. Amma ranar Litinin tun safe ina Gagarawa Tasha, mutum goma sun gan ni. Uwa ɗaya ta haife mu fa.”

Ɓarawon iyaka ne, ba mai kisa ba. Ɗantsoho ya ji haushin haka, ya kuma ji kunyar jin haushin.

Da ya rasa na bi, sai ya bi sawun mamacin kansa, daga gida zuwa gona. Wannan shi ya kamata ya fara yi tun farko. Taku gajere ne, ƙafa na jan ƙasa, mutum na layi kamar wanda ya kwana uku bai ci ba. Hanyar ba ta kai tafiyar rabin sa'a ba, amma sau biyar Malam Mu'azzam yana ratsewa bayan sabara ya tsuguna. Ɗantsoho ya durƙusa a wuri na farko. Rairayin ya daɗe da bushewa, amma kiyashi sun yi masa baƙi ƙirin, sun jeru suna ɗiba. Ya je na biyu, haka. Har na biyar.

Ya zauna a ƙasa. Ba sai an je makaranta ba kafin a san wannan. Tun yana yaro ya ji tsofaffi na cewa in kiyashi na bin fitsarin mutum, zaƙi ne ya yi masa yawa a jiki har yana zubowa. Haulatu ta ce ya yi ƙasa, rairayi ya ce ya yi yawa, kuma a shekara arba'in rairayi bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Da yamma ya je gidan makoki, ya nemi Hasanatu, matar mamacin, ta bayan labule. Ta lalubo takardar awon Nijar a aljihun rigar mijinta ta miƙo. Ta ce, “Allah ya yi wa Haulatu albarka, Baba. Ita kaɗai ta tsaya mana. Dubi bayan takardar, har rubuta mana ta yi yadda za a riƙa ba shi zuma.”

*

Alhamis ranar kasuwar Maigatari ce. Ɗantsoho ya ratsa ta kara, ya wuce manyan motocin da ke lodin shanu, ya nemi shagon Malam Hussaini. Mutumin Gumel ne, ya yi shekara talatin yana awon jini a asibiti kafin ya yi ritaya ya buɗe ɗan ɗakin gwaji a nan. Shekarun baya Ɗantsoho ya taɓa samo masa bijimin da aka sace.

Malam Hussaini ya gyara tabarau, ya dubi takardar, ya ɗago. “Mai wannan yana asibiti ko?”

“Yana kabari.”

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ai dole. Wannan suga ya yi mugun hawa.”

“An ce mini uku ne da ɗigo huɗu. An ce ya gaza.”

Malam Hussaini ya ajiye takardar a kan tebur ya ɗora yatsa a kan wasu ƙananan haruffa da ke gaban lambar. “Baba, in na ce maka na sayo gero uku, me za ka tambaye ni?”

“Mudu uku ko buhu uku.”

“To shi ke nan. Wannan takardar lokotoron Nijar ce, wato likitansu na can. Su da giram suke auna sukarin da ke cikin lita ɗaya ta jini. A awonsu, mai lafiya yana wajen ɗaya, bai cika wucewa ba. Mu nan ma'auni biyu gare mu. Akwai na miligiram, in za ka juya nasu zuwa shi sai ka ninka sau ɗari, ka ga uku da ɗigo huɗu ya zama ɗari uku da arba'in. Akwai kuma na milimol, wanda yawancin yaranmu suka saba da shi, a nan mai lafiya yana tsakanin huɗu da shida. In za ka koma shi sai ka raba ɗari uku da arba'in ɗin gida goma sha takwas.” Ya danna wayarsa ya juyo da ita. “Kusan goma sha tara. Ya ninka na mai lafiya sau uku har da ɗori.”

“In aka ce wa mai wannan ya bar ƙwaya ya sha zuma fa?”

Malam Hussaini ya juya takardar, ya karanta rubutun bayan, ya cire tabarau. “Ƙishirwa za ta kama shi, ya yi ta fitsari har jikinsa ya bushe, jiri ya ƙaru. In jirin ya ƙaru sai a ce ai sugan ne bai hau ba, a ƙara masa. Kwana biyar ko shida sai barci, daga nan ba ya tashi. Ba wannan ne na farko ba, Baba. Duk kasuwa sai takardun nan sun tsallako, lamba iri ɗaya, ma'auni daban. Wanda ya rubuta wannan ba mugu ba ne, lambar ya gani bai dubi abin da ke gabanta ba. Ka san shi?”

Ɗantsoho ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce, “Na san tafiyarsa.”

A hanyar komawa, a bayan a-kori-kura, sau biyu yana fito da takardar ya riƙe ta a bakin iska. Yatsa biyu kawai zai saki. Sai ya tuna da gaban rigar Adda, ya mayar da ita aljihu.

Ya sami Haulatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ya maimaita mata abin da aka gaya masa, daki-daki, yadda yake kawo rahoton sawu. Ta ɗauki tsinke ta yi lissafin a ƙasa. Ta share ta sake. Ta sake na uku.

“Tsinkenmu na gwajin suga ya ƙare tun watan jiya,” in ji ta, muryarta can ƙasa. “Da ina da ko ɗaya, da na huda yatsansa na gani da idona. An koya mana wannan, Baba. Rana ɗaya aka yi mana shi a aji, na ci jarrabawar.” Sannan ta ce, “Me za ka ce gobe?”

“Ban sani ba, uwata.”

Ba ta roƙe shi ba. Da ta roƙa, da ya fi masa sauƙi.

*

Bayan an sauko daga Juma'a aka taru a ƙofar gidan dagaci. Aka fito da Adda, ta rame a kwana uku. Ɗalha na gaba da samarinsa, wasu har da galan ɗin fetur a hannu. Mata na tsaye daga bakin zaure, Hasanatu a cikinsu da mayafin takaba, Haulatu a can ƙarshe.

Ɗantsoho ya ajiye ƙullin sukarin a gaban dagaci, ya sa ya lasa. Ya faɗi labarin kiyashi. Ya faɗi abin da Malam Hussaini ya ce, na mudu da buhu, har mutane suka fara gyaɗa kai. Ya ce, “Ba guba ba ce, ranka ya daɗe. Ciwonsa ne, zaƙi ya ƙarasa shi.”

A nan ya so ya tsaya. Ya yi fatan a ce Allah ya jiƙan rai a watse. Amma Ɗalha ya miƙe ya ce, “To ai maganar ɗaya ce. Shekara shida ta san yana da suga, ta ɗura masa sukari. Ko da guba ko da sukari, ita ta kashe shi.” Samari suka fara matsowa.

Dagaci ya ɗaga hannu ya ce, “Baba Ɗantsoho, mutum mai kiyaye bakinsa shekara shida ba ya tashi rana ɗaya ya sha sukari. Wa ya sa shi?”

Ɗantsoho ya dubi ƙasa. Duk inda ya duba sawu ne, na yara, na manya, na awaki, kuma ya san mai kowanne. Ya ji tsufa ya sauko masa gaba ɗaya.

“Ranar Talata ka tambaye ni sawu nawa na gani, na ce biyu. Ƙarya na yi maka, ranka ya daɗe. Uku ne. Na ukun na take shi da ƙafata.” Ya fito da takardar ya juya bayanta ya ajiye. “Na 'yata ne. Ita ta karanta masa awon Nijar da ma'aunin nan gida. Ba da nufi ta yi ba. Matar nan ba ta da laifi, abin da aka ce ta zuba ta zuba.”

Haulatu ta fito daga cikin mata, ta durƙusa a gaban Hasanatu. Hasanatu ba ta zage ta ba, ba ta ma dube ta ba. Tafin hannunta take kallo.

“Ni na riƙa dama masa zumar,” in ji ta. “Sau uku a rana. Yana cewa ta ishe shi, ina cewa daure Malam, magani ne.”

*

An saki Adda a ranar. Ba wanda ya ba ta haƙuri, kuma kafin Lahadi rugar bayan tafki ta tashi, sai turaku da toka. Aka zo daga ofis aka rufe ɗakin shan maganin, aka ce Haulatu ta jira takarda. Matan da ta karɓi haihuwarsu da hannunta suka koma canza hanya in sun hango ta a rijiya. Da aka sace ragon liman a satin, wani mutum aka ɗauko daga Sule Tankarkar ya bi sawu. Ɗantsoho bai ga laifinsu ba, wanda ya take sawu sau ɗaya ba a sake kiransa.

A gida Haulatu na dafa masa abinci, tana gaishe shi safe da yamma, ba ta taɓa ce masa don me ba. Shi kuma ya rasa ta inda zai fara.

Ranar kwana na goma ya dawo daga sallar asuba, ya zauna har gari ya waye, bai ji motsin tsintsiya ba. Ya fito tsakar gida ya duba ƙasa. Sawun ya fito daga ɗakinta, ƙafar dama ta fi nutsewa, wato da jaka a hannu. Ya zo bakin ƙofar ɗakinsa ya tsaya, dunduniya biyu sun zauna sosai a rairayi, ta daɗe a wurin. Daga nan ya juya, ya fita ta zaure, ya miƙe hanyar da ke zuwa titin Gumel.

Ya bi shi har ƙofar gida. Sawu ne sabo, ko makaho zai bi shi, kuma a yadda take jan ƙafar nan, kafin ta kai titi zai cim mata. Ya tsaya yana kallon hanyar. Can ya ji kukan awakin maƙwabta, an kwance su za a kora kiwo, kuma ta nan suke bi.

Ya koma ciki da sauri, ya ɗauko kwanon da take zuba masa tuwo. Ya fito ya zaɓi sawun ƙafar hagu, wanda ya karkata ciki, ya durƙusa ya kifa kwanon a kai.